Injin da Na Kashe a Kan Tudu

Muna da gona a hayin kogi, ni da yayana, gadon mahaifinmu ce da ba mu raba ba. Sauran gonakinmu suna tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ke kawo ruwa har bakin fangali, kuma abin da muke nomawa a can, tumatir da albasa da masara, na kasuwa ne. Ita ta hayi shinkafa muke yi, da inji muke jawo mata ruwa daga kogi, kuma ba ma sayar da ko kwano ɗaya. Ita ce tuwon gidana da na Yaya daga shekara zuwa shekara.

A shekarar da nake magana mun makara da dashen shinkafar rani. Ni na jawo, domin na tsaya bin tumatir har iri ya tsufa. Saboda haka ba mu yanke ba sai da damina ta sauka. Da rani kogin nan ba komai ba ne, ka naɗe wando ka tsallaka, amalanken shanu ma yana shiga ya fita. Amma da an yi ruwa mai ƙarfi a kudu sai ya kumbura ya yi ja, ya raba mu da gonar. Akwai hanya ta gada, sai dai zagaye ne mai nisa, kuma ƙarshenta taɓo ne da babu motar da za ta shiga da damina. Muka buge shinkafa, muka ɗura a buhuna, muka jera su a wani ɗan tudu kusa da gaɓa, muka rufe da tampol. Abincin gida biyu ke nan na shekara guda, yana zaune a hayi, ruwa kuma kullum yana ƙaruwa.

Akwai wani dattijo mai fito a mashigin, da kwalekwalensa na itace da gorarsa. Mutum ne mai faɗa, amma tun muna yara shi ke tsallakar da mutane. Shi ya same mu da kansa muna ɗinke bakin buhu.

Ya ce, "Ku fara ba ni su kaɗan-kaɗan tun ruwan nan bai yi fushi ba."

Yaya ya ce to. Ni na ce a'a. Na ce, "Baba, wannan akushin naka buhu nawa zai ɗauka? Sai mu kai sallah muna jigila. Zamani ya wuce nan."

Ya dube ni, ya tofar da goron bakinsa, ya koma kwalekwalensa. Na faɗa wa sa'an mahaifina haka a gaban 'yan ƙwadago, kuma a lokacin ji na yi na burge.

Abin da ya sa na yi wannan bakin shi ne na riga na ji labarin wani jirgin ruwa mai inji da ake sayarwa a Tiga, can bakin dam. Na lissafa a raina cewa zan kwashe tamu a yini guda, sannan in riƙa ɗaukar kayan duk masu gona a hayi ana biyana. Da na gaya wa Yaya sai ya ajiye basillar da ke hannunsa.

"Jirgi? Kai me ka sani game da jirgi?"

"Yaya, inji ai inji ne. Wa ya fi ka sanin inji a garin nan?"

Na san inda zan taɓa shi ke nan. Yayana shi ne mutumin da ake kai wa injin ban-ruwa kafin a saya. Yakan sa a tayar, ya karkata kai ya rufe ido, ya ce ringi ya tafi, ko kuwa kafireto ce kawai ta toshe. Ba a cika samun ya yi kuskure ba. Bai so ba, amma ya bi ni.

Mai jirgin ya rasu da ɗan jimawa. Ɗansa ne ke sayarwa, wani tela mai sanyin magana da ke zaune a Kumbotso, ya zo ne kawai don a raba gado. Ya kai mu bayan gidan mahaifinsa. Jirgin yana kan tudu a gindin darbejiya, na faiba ne, wani abu mai tauri kamar roba, ba na katako ba, an shafe shi da sabon fenti shuɗi da fari har yana ɗaukar ido. Na zagaya shi sau ɗaya, na shafa gefensa, na ce ma sha Allah. Iyakar dubawar da na yi wa jirgin ke nan. Ban leƙa ƙarƙashinsa ba, ban ƙwanƙwasa ko'ina ba, ban tambayi tun yaushe rabonsa da ruwa ba. Mu manoma, idan za mu sayi inji, ba ma kallon amalanken da aka ɗauko shi a kai, to haka na ɗauki jirgin, kamar amalanke.

Injin kuwa mun ba shi haƙƙinsa, irin namu. Yaya ya kwance fulogi ya duba kalarsa, ya shinshina tanki, ya ja igiya a hankali don ya ji ƙarfin matsi. Telan ya riga ya maƙala injin a bakin wani duro cike da ruwa, doguwar ƙafarsa mai farfela tana nutse a ciki. Ja biyu ya tashi. Ƙarar tana fitowa a daƙushe, ruwa yana ɓulɓula.

Nan take zuciyata ta ba ni cewa wayo ne. Na raɗa wa Yaya, "Ka gani? An tsoma shi a ruwa ne don kada mu ji muryarsa."

Na ce wa telan ya fitar da shi. Ya ce shi dai bai taɓa ganin babansa ya tayar da shi ba sai a cikin duron nan, bai san dalili ba, amma haka yake yi. Ya ce in mun yarda ya kira ɗaya daga cikin abokan marigayin da ke bakin ruwa, su suka san abin. Na ƙi. Na ɗauka dillalai zai tara mana. Na kama kan injin da kaina na karkata shi har ƙafar ta fito daga ruwa, na murɗa mai. Ya yi wata irin kururuwa da ta kori kajin gidan. Yaya ya rufe ido ya saurara, ya ce, "Babu ƙwanƙwasa. Lafiyarsa lau." Telan ya yi ta murza hannu har na mayar.

Sai na ga wani abu. Daga ƙarƙashin murfin injin, ta baya, wani siririn ruwa yana tsartuwa waje ba ya tsayawa. A wurinmu duk injin da ke tsartar da ruwa ta inda ba bakin tiyo ba, to roba ta mutu, yoyo yake yi. Na nuna wa telan da yatsa kamar na kama ɓarawo.

"Malam, wannan fa? Ai yoyo yake yi."

Ya duƙa ya duba, kunya ta kama shi, ya ce wallahi bai lura ba. Da wannan yoyon na danne shi har ya yi ragi mai yawa. A hanyar dawowa ina ta yabon idona.

Motar ɗaukar kwandunan tumatir ce ta kawo mana jirgin. Muka sauke shi a mashigi, injin kuma na kai shi ƙofar gidana na ɗaure a jikin benci, wai kada a sace. Mun yi niyyar shiga ruwa kashegari, sai fetur ya yi wuya, sai kuma aka yi rasuwa a dangi, aka ɗauki 'yan kwanaki. A kwanakin nan babu wanda bai zo kallon injin ba. Duk wanda ya zo sai ya ce a tayar ya ji, ni kuma ba na ƙi. Bayan la'asar in an taru sai in ja igiya, in murɗa mai har ƙarshe, farfela tana juyawa a iska, mutane suna ja da baya suna dariya. Ko ɗigon ruwa babu a kusa. Haka muke gwada injin ban-ruwa a rumfar bakanike, a busasshiyar ƙasa, ya yi ta kuka har a gamsu. Babu wanda ya ga aibu a cikin duk masu kallon nan, kuma kusan kowannensu yana da inji a gonarsa.

Mai ɗakina ce kawai ta leƙo wata rana ta ce, "Malam, ba ka jin ƙaurin roba?"

Na ce, "Je ki duba murhunki."

Aka yi dariya. Ta koma ciki.

Ranar da muka shiga ruwa hantsi ne, gari ya yi luf. Kogin ya ƙaru sosai, yana tafe da karare da kumfa. Muka maƙala inji a allon baya na jirgin, na zauna a wurin tuƙi, Yaya ya zauna a tsakiya ya riƙe gefe da hannu biyu, domin shi bai iya ruwa ba, tun yana yaro yake tsoron mai zurfi. Na tayar, muka yanki kogin. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba. Na waiwaya na dubi bayan injin, sai na ga babu tsartuwar nan.

Na ɗaga murya na ce, "Yaya, ka ga ikon Allah, yoyon ma ya daina!"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Dubi gabanka."

Da muka isa hayi na dafa murfin injin sai na janye hannu, zafi kamar kaskon suya. Na ce a raina ai aiki ya yi. 'Yan ƙwadago suka fara lodi. Yaya ya ce ya isa, na ce a ƙara. Ya sake cewa ya isa, na ce ai ba kwalekwale ba ne. Sai da bakin jirgin ya rage kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da ruwa sannan na bari. Muka baro kusan rabin buhunan a tudu, muka juyo mu biyu.

Muna kaiwa tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, sai muryar injin ta canza. Ta yi nauyi, ta shaƙe, wani farin hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin murfi, sai ƙaf, ya tsaya. Na ja igiya, ta ƙi motsi ko kaɗan, kamar an ɗaure ta a jikin dutse. Na sa ƙafa na tokare na ja da hannu biyu, mariƙin ya tsinke ya bar ni da shi.

Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa. Jirgin ya juya a hankali ya ba ruwa gefe, muka fara gangarawa. Na duba ƙasa ina neman abin tuƙi. Babu filafili, babu gora, babu ko igiya ta kirki. Ban taɓa tunaninsu ba. Na sayi jirgi mai inji, me zan yi da gora?

Yaya ya ce, "Ƙafata a cikin ruwa take."

Na duba. Ruwa yana shigowa ta kusurwar baya, daidai inda allon da ke riƙe da inji ya haɗu da gindin jirgi. Ba ɗiga yake ba, shigowa yake kamar an buɗe wa fangali. Na cire hulata ina kwarfa da ita, abin dariya, kamar mai kwashe kanal da cokali. Bayan jirgin yana ƙara nutsewa, ruwan kogi ya fara lasar baki.

Yaya ya saki gefen da ya riƙe, ya rarrafo, ya kama kunnen buhu.

"Kama nan."

"Yaya, shinkafa ce fa!"

"Na sani. Ni na dasa ta. Kama."

Muka mirgina buhun farko. Ya ɗan yi iyo kamar zai biyo mu, sannan ya karkata ya nutse. Muka mirgina na biyu. Ina jin bakina yana ta inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, amma kamar wani ne ke faɗa ba ni ba. Yaya kuwa kama kawai yake yi yana turawa, fuskarsa ta yi fari fat. Mutumin da in ƙwaya ta zube a masussuka sai ya tsuguna ya tsince, shi ne yake tura buhu bayan buhu cikin kogi. Ba mu tsaya ba sai da jirgin ya ɗago, 'yan kaɗan suka rage a gaba, su ma sun jiƙe.

Ruwa ya kai mu wata kwana ya manna mu da ƙaidajin bakin gaɓa. Na rungumi reshe, ƙaya ta shige mini hannu har gwiwa, ban ji ba sai daga baya. Muna nan maƙale, ni riƙe da ƙaidaji, Yaya riƙe da rigata, sai ga dattijon nan mai fito ya gangaro da gorarsa. Ashe tun daga mashigi yake kallonmu.

Ya jera kwalekwalensa da namu, ya ce wa Yaya, "Shigo a hankali, kada ka miƙe." Ni kuma ya ce, "Kai mai zamani, ka jira. Akushin nawa ba ya ɗaukar mutum biyu in ɗaya babban mutum ne."

Ya dawo ya ɗauke ni, yana faɗa tun daga can har gaɓa.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Kashegari da asuba Yaya ya zo ƙofar gidana ya ce ya roƙi dattijon, ya yarda za a fara jigilar sauran buhunan, kuma akwai wani kwalekwale a ƙauyen gaba da za a ba mu aro in akwai mai tuƙawa. Ni na ɗan iya gora. Ya ce in zo mu tafi.

Na ce ba zan je ba. Na kwana ina tafasa. Na gama yanke hukunci cewa telan nan ya cuce ni, ya sayar mini da mataccen inji, kuma yau sai ya karɓi kayansa. Yaya ya ce, "Injin ba zai gudu ba. Ruwa ne ke tafiya." Na ce in ban je yau ba, telan zai ce ni na lalata. Ya tsaya yana kallona, sannan ya juya ya nufi kogi shi kaɗai. Ni kuma na ɗaure inji a bayan a-kori-kura na nufi Tiga.

Telan ya koma Kumbotso. Maƙwabta suka ce in kai wa mai gyaran injin jirgi a bakin ruwa, shi zai faɗi gaskiyar abin da ya same shi, in ya so a kira telan. Na same shi a wata rumfar kwano, ƙaton mutum mai ƙaton murya, Bazazzagi ne, kuma kowa ya san tsakaninmu da Zagezagi sai tsiya. Na sauke injin na fara zuba masa ƙorafi. Ya bar ni na gama, ya dubi ƙafafuna.

"Manomi ne kai ko? Na ga kaushi. To bawana, matsa in ga abin da kuka yi wa baiwar Allah."

Ya gwada juya injin, ya ƙi. Ya girgiza kai. Ya ɗauki sufana ya kwance doguwar ƙafar, ya buɗe wani ɗan gida a cikinta, ya zazzage a tafin hannunsa. Wasu baƙaƙen gutsattsari suka zubo, da wani dunƙulen roba da ya narke ya manne.

Ya ce, "Ka san wannan? Roba ce mai fukafukai. Ita ke tsotso ruwan kogi ta tura shi cikin inji ya sanyaya. Ruwan ne kuma yake hana ta ƙonewa ita kanta. In ta juya a bushe, kafin ka gama alwala ta mutu. Wa ya tayar da shi ba ruwa?"

Na ce, "Ba ruwa kamar yaya?"

"A tudu. A iska. Wa ya yi?"

Benci nake gani a ƙofar gidana, da mutane suna dariya, da hannuna yana murɗa mai.

Ya ce, "Bari in tambaye ka. Ranar da ka saya, yana fitsari?"

"Fitsari?"

Ya nuna mini wani ɗan rami a ƙarƙashin murfi, ta baya. "Nan. In yana da lafiya, ruwa zai riƙa tsartuwa ta nan. Shi ne shaidar ruwa yana zagayawa. Mai jirgi kafin ya dubi gabansa nan yake fara duba. In ya tsaya, ka kashe inji nan take ko a tsakiyar ruwa kake."

Na buɗe baki na ce, "Na ɗauka yoyo ne. Har ragi aka yi mini saboda shi."

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har ya zauna a kan wani tsohon tanki yana dukan cinya. Ya ƙwala wa maƙwabtansa kira. "Ku zo ku ga Bakano! An sayar masa da lafiyayyen inji, ya ce a rage masa kuɗi don yana numfashi!" Masunta suka taru. Wani ya ce in na sayi saniya in tabbata ba ta yoyon nono. Na tsaya a tsakiyarsu kamar an dasa ni.

Da na ba shi labarin abin da ya faru a kogi sai dariyar ta ɗauke. Ya tambayi mutum nawa ne a ciki, na ce ni da yayana, kuma bai iya ruwa ba. Ya yi salati. Ya ce, "Kai, ka gode wa Allah. Ka sa jirgin a ruwa kafin ka biya?" Na ce a'a. "Ka ƙwanƙwasa allon baya?" A'a. Ya ce tsohon jirgin faiba katako ne a cikin allon nan, ruwa yana shiga ta ramin ƙusa ya ruɓar da shi, waje kuma yana ƙyalli. In ka ƙwanƙwasa mai lafiya zai amsa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ka bugi katifa. Ya ce shi in ya ga sabon fenti a tsohon jirgi, wurin ne yake fara kankarewa da farce, ko da mai shi waliyyi ne. Ya kwance wani ɗan noti a kusa da farfela, mai ya ɗigo, ya murza a yatsa ya ce wannan ma ana dubawa, in ya fito fari kamar kunu to ruwa ya shiga giya. Nawa baƙi ne, mai kyau. Ya ce, "Marigayin na san shi. Ya riƙe injin nan kamar ɗansa. Jirgin ne ya tsufa, shi ya sa ya jingine shi. Da ka zo nan ka tambaya, kyauta za a gaya maka."

Na ce a gyara. Ya ce fistan ya manne, kan injin ya lanƙwashe, in bar shi dai a ga abin da za a tsira da shi.

Ina cikin rumfar sai hadari ya haɗu. Kafin in samu motar dawowa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Duk rafin da muka tsallaka a hanya ya cika yana gudu, kuma na san inda suke gudu su je. Sai a lokacin shinkafa ta faɗo mini a rai. Tun safe ban tuna da ita ba.

Na isa mashigi da la'asar sakaliya. Ban gane wurin ba. Inda muke tsayawa mu hau kwalekwale ya shafe, mutane sun koma can sama gindin wata giginya. Na hango tudunmu a hayi ya zama tsibiri, tampol yana kaɗawa, ruwa ya rufe layin ƙasa na buhunan yana hawa na biyu. A gefenmu kuma ga 'yan buhuna a jere an rufe da buhun taki. Yaya yana zaune a kan ɗaya, jiƙe sharkaf, kafaɗarsa ta saɓule ta yi ja. Tun safe shi da dattijon suke kai da kawo, shi ke ɗauka shi ke saukewa, domin 'yan ƙwadago sun ga abin jiya sun ƙi shiga. Ɗaya kwalekwalen yana can a ɗaure a ƙauyen gaba, ba a samu mai tuƙa shi ba.

Na ce wa dattijon, "Baba, don Allah, ko sau ɗaya, ni zan shiga."

Ya ce, "Ko ubanka ne ya taso ya roƙe ni ba zan ƙara ba. Dubi ruwan mana."

Yaya ya ɗago ya ce, "An karɓi injin?"

Na ce, "Ni na kashe shi, Yaya. A ƙofar gida." Na gaya masa maganar roba da fitsari. Ya juya ya dubi hayi. Can ya ce, "Ni ma ai na saurara na ce lafiyarsa lau." Muka zauna muna kallo har ruwa ya ɗauke tampol ɗin.

Da kogi ya ja baya muka tsallaka. Buhunan da ruwa bai tafi da su ba sun kumbura sun yi zafi, shinkafar ta tsiro a ciki, fararen saiwoyi sun huda buhu sun fito ta ko'ina kamar furfura. Na sa hannu a cikin ɗaya, ta dunƙule ta zama abu guda. Na taɓa ganin ɓarnar tsuntsu da ta tsutsa, amma ban taɓa ganin abinci ya koma shuka a cikin buhu ba. Muka shanya abin da ya shanyu, sauran aka bai wa masu shanu. Jirgin kuma, ranar da muka jawo shi daga ƙaidaji, na sa tsinin wuƙa a allon baya, ta shige kamar a kabewa, baƙin ruwa ya biyo ta.

Abin da Yaya da dattijon suka tsallakar, Yaya ya raba shi biyu daidai. Na ce ya riƙe duka, ya ce 'ya'yana ba su sayi jirgi ba. Muka yi ta lallaɓawa ana haɗawa da masara, amma tun shinkafar damina ba ta fitar da kai ba mai ɗakina ta kaɗe buhun ƙarshe.

Ranar kasuwar Bunkure na ɗauki buhu na tafi layin 'yan shinkafa. Na zagaya har sau biyu ina neman wanda bai san ni ba, babu. Na tsaya gaban wani da muka yi makarantar allo tare. Ya tashi da murna, ya ɗauka kaya na kawo. Na miƙa masa buhun, ya leƙa ya ga babu komai.

Ya ce, "Iri kake nema? Ai yanzu ba lokacinsa ba ne."

Na ce, "A'a. Ta ci."

Ya dube ni, ya dubi buhun. Sai ya duƙa ya ɗauki kwano ya fara awo, bai sake ɗagowa ba har ya gama.